Lawali Tela bai yi maguɗi ba

Lawali Tela ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina gaban allo da alli a hannu. Ɗan'asabe ne ya kira daga Gummi. Sau uku ina cewa "wane Lawali?" alhali na san wanda yake nufi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zazzaɓi ne, kwana huɗu kacal.

Na kasa zama. Na fita bakin hanya neman mashin, aka ce ruwan jiya ya cika rafi, ba mai fita daga Nasarawa Burkullu yau. Na koma aji, na sake fitowa. Kafin in gama wannan kai-kawo har an yi masa sallah an kai shi. Yanzu ga ni gindin darbejiyar bayan ofishin hedimasta, inda netwok ke ɗan kamawa, ina rubutawa ina gogewa.

Ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Akwai hakkinsa a wuyana, kuma a shafin nan na ɗauko shi.

Waɗanda ba 'yan Gummi ba, bari ku ji. Ɗan'asabe yana da shagon buga takardu kusa da tasha, da tsofaffin kwamfutoci huɗu. Ni na zo da wasan harbi a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na sa musu, na haɗa su da waya. Irin wasan nan ne da ba ka ganin jikinka, bindigarka kawai kake gani a gabanka. Bayan la'asar in aiki ya lafa sai mu zauna mu kara. Ni ne gwani. Ni ke karanta wa kowa Turancin da ke fitowa. Kunnena ya saba da "a tambayi Malam Nura".

Shagon ɗinkin Lawali na jikin na Ɗan'asabe. Bai yi boko ba. Da farko leƙe kawai yake yi, tef ɗin awo rataye a wuya. Shi ya ɗinka wa kwamfutocin riguna. Shi ya yi mana 'yar shimfiɗar da ake ɗora mawus, ba wanda ya roƙe shi. Ranar da wandona ya yage ina shirin zuwa intabiyu, ajiye aikin da ke kan kekensa ya yi, ya ce in shiga bayan labule in miƙo.

Da ya fara wasa, mu duka muka maida shi abin harbi. Dariya kawai yake yi.

A filin da muka fi bugawa akwai akwatuna, sama da su kuma akwai wata taga a jikin katanga. Kowa ya gwada hawa. Ka hau akwati, ka yi tsalle, ƙafarka ta bugi bakin tagar, ka faɗo. Ni da bakina na yanke hukunci cewa ado ce kawai, ba a hawa.

Sai gasar da muka shirya bayan ƙaramar Sallah, shekara uku da suka wuce. Karon ƙarshe ya rage ni da Lawali. Shago ya cika har bakin ƙofa. Ina zagaya fili ina nemansa, sai kawai harbi ya same ni na faɗi. Aka sake, na sake faɗuwa. A na uku wani ya yi ihu daga bayana, "Ga shi can bisa taga!"

Na miƙe na ture kujera. Na ce ya sa lambar maguɗi a kwamfuta.

Ya zaci wasa nake. Ya ce, "Haba Malam, wace lamba? Ni da ko sunana ban iya bugawa? Taho ka dubi hannuna. Tuma za ka yi, kana bisa iska sai ka tsugunna, ƙafafu su naɗe su wuce bakin tagar. Shi ke nan fa."

Ban duba ba. Wallahi ban duba ba. Zuciyata ce ta ce mutumin da ni ke karanta masa inda zai danna ba zai san abin da ban sani ba. Ɗan'asabe ya zauna ya gwada, ya riga tsugunnawa kafin ya tashi sama, ya faɗo. Na ce, "To kun gani?"

A ranar na ɗora hotonsa a nan, na rubuta "ga ɓarawon wasa". Wasunku sun yi dariya a ƙasa, na tuna sunayenku, amma ba ku kuka fara ba.

Ni wasa na ɗauke shi. Gari bai ɗauke shi wasa ba. Cikin mako guda magana ta bar kwamfuta ta koma kan almakashi. Aka fara cewa telan da ke maguɗi a wasa, yadin mutane fa? Wani Alhaji ya aiko aka karɓe shaddarsa tun ba a yanka ba. Kun san tela ba shi da abin da ya wuce amana.

Lawali ya daina shigowa kawai. Muna harbe-harbenmu muna jin kekensa ta bango.

Bayan shekara guda aka tura mu bita Gusau. Na samu netwok mai ƙarfi, ina kallon bidiyon wasan, sai ga shi ana koyar da abin nan filla-filla. Babban yatsa ya danna dogon maɓallin tsalle, ƙaramin yatsa ya bi shi da na tsuguno kana sama. Har suna gare shi a wurin masu wasan. Duk duniya an san shi, mu ne ba mu sani ba. Lawali kuwa ba bidiyo, ba Turanci, da yatsunsa ya gano.

Da na dawo na jira shago ya zama ba kowa, na gwada. Wajen karo na goma sai ga ni bisa taga, ina hango filin gaba ɗaya.

Kun san abin da na yi? Na shiga shafina na goge hoton a ɓoye. Iyakarta ke nan. Bango ɗaya ne tsakanina da shi, na kasa zagayawa.

Bara da aka yi mana haihuwa, maiɗakina ta aika masa kayan suna ba da sanina ba. Ya ɗinka, ya dawo da su a leda biyu. Ta biyun ragowar yadi ce, an ninke ta tsaf, har da ƙyallen da bai kai tafin hannu ba. Ta yi ta mamaki. Ni na san da wa yake.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata guda ke nan, a tashar Gummi, ina jiran motar Bukkuyum ta cika. Ya fito sayen zare. Muka gaisa, sai ya ga aljihun rigata ya ɓalle. Ya zaro allura daga jikin hularsa.

"Tsaya cik, Malam, kar in soke ka."

Kansa na daidai ƙirjina, maganar na bakina. Ya tambaye ni ko har yanzu muna bugawa, na ce jefi-jefi. Ya yi murmushi ya ce, "Ni har yau in ina taka keke, sai in ji ƙaramin yatsan ga yana neman maɓallinai."

Direba ya yi hon. Na ce, "Lawali, akwai maganar da nake so mu yi."

Ya tsinke zaren da haƙori. "Sai ka dawo, Malam. Ina nan shago, ina za ni?"

Ɗazu na kira Innarsa in yi mata gaisuwa. Na ce, "Inna, ni ne Nura. Na zalunci ɗanki, na yi masa ƙage, ki yafe mini."

Ta ce, "Ɗana, ni ban san wasanku ba. Na dai ga wata rana ya shigo bai ci tuwo ba, yac ce an kira shi ɓarawo. Nawa na yafe. Nashi ba ni da iko da shi. In kana da gyara, ka kai ga waɗanda sunka ji ta fari."

To ga ni.

Jama'ar Gummi, da duk wanda ke shagon nan ranar, da duk wanda ya ga hoton: Lawali Tela bai yi maguɗi ba. Ya fi ni iyawa ne, na ji ciwo, na yi masa ƙarya. Ya ci gasar nan da halalinsa. Bai taɓa cin yadin kowa ba. Don Allah wanda ya san Alhajin nan mai shadda ya karanta masa wannan. Wanda ya taɓa maimaita maganar a majalisa, ya koma majalisar ya warware ta. Yana da 'ya'ya biyu da za su tashi da sunansa a garin nan.

Ya Allah ka jiƙan Lawali, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka masa shi. Ka sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa nauyi a mizani. Ka ba Inna da maiɗakinsa dangana, ka raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce.

Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa Lawali ya riga ya yafe mini kafin ya tafi, don ban tambaye shi ba.