Taga ta Hagu, Taga ta Dama

Kujerata ya kamata in zauna a kai ranar nan, ko tasa? Na tambayi fasto, na tambayi 'ya'yana, kowa sai ya ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma tambayar ba ta bar ni ba, kuma na san tafiyar nan ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni. Ban yi makaranta ba. Da baki nake faɗa ana rubutawa, in na tsaya kuka a jira ni.

Maigidana tela ne. A Samaru muke zaune, shagonsa kuwa yana kasuwar Sabon Gari. Allura ta cinye masa ido, har likita ya gaya masa gaskiya cewa ɗan ganin da ya rage ba zai daɗe ba. Ana cikin haka 'yarmu ta fari, wadda karatu ya kai ta tsibirin Kubrus ta yi aure a can, ta haihu, ta ce mu je mu biyu. Ni jariri nake tunani. Shi kuwa tun yana yaro yake jin sunan tsibirin nan a coci, bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ba. Ya ce kafin duhu ya rufe shi, yana so ya ga yadda ƙasa take zaune a tsakiyar teku ba ta nutse ba.

'Yarmu ta ce jirgi biyu za mu hau, na biyun ne zai sauka a tsibirin, kuma ana iya zaɓen kujera tun daga gida. Daga nan gidanmu bai ƙara samun zaman lafiya ba. Ya ɗauki allin ɗinki ya zana tsibiri a simintin tsakar gida, ya riƙe dutsen guga a matsayin jirgi, yana zagayawa.

"Maman yara, in ya taho ta nan, ta wace taga za a gani?"

Na ce, "Malam, ni guga zan yi, ba ni abina."

Ɗaliban da ke haya a gidanmu suka duba waya, wannan ya ce hagu, wancan ya rantse dama ne. Sai wani mai koyar da tuƙin jirgi da yake kawo masa ɗinki ya ƙara rikita shi. Ya ce, "Baba, iskar ranar ce ke yanke hukunci. Yau a sauka ta gabas, gobe ta yamma. Ko direban bai sani ba sai ya kusa."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe a kansa yanzu ta fara. Muka hau keke napep zuwa ofishin wata 'yar kudu a Sabon Gari mai shirya wa mutane tafiya. Ta juyo mana da kwamfuta, ta ce ga kujeru biyu a jere. Ya ce a'a, a sa ni tagar hagu, a sa shi tagar dama.

Matar ta dube shi. "Baba, kun yi faɗa da Mama ne?"

"Ba mu yi ba. Duk inda tsibirin ya ɓullo, ɗayanmu zai gani ya gaya wa ɗaya."

Ni kam faɗan a nan ya fara. Tunda aka ɗaura mana aure ko a coci kusa muke zama. Yanzu a cikin abin da ban taɓa hawa ba, cikin mutanen da ba na jin yarensu, zai ajiye ni ni kaɗai saboda kallo? Na ce ya so tsibiri fiye da ni. Har muka iso Samaru ban ce masa uffan ba, na yi kwanaki ina ajiye masa tuwo ba magana.

Tafiya ta kusa, ya faɗi a shago. Ɓarin jikinsa ya mutu. Bai yi mako a asibiti ba.

Bayan an share makoki 'yarmu ta matsa in je, aka ɗaga mini rana. Matar ofishin ta tambaye ni, a bar ni hagu ko a mayar da ni dama, wurin Baba. Kaina ya ɗaure. In na zauna a tasa, kamar na yarda ba ya nan. In na zauna a tawa, wa zai duba dama? Na ce ta bar shi yadda ya tsara.

Da jirgi ya fara gangarowa na manna goshina a gilashi. Ruwa ne, shuɗi, babu iyaka. Ina jira ƙasa ta fito, ba ta fito ba. Sai na ji mutanen dama suna hayaniya, suna ɗaga waya. Wani saurayi ne a tagar can, yana barci, kansa ya tare ta. Na so in tashi, ma'aikaciyar jirgi ta yi mini alama in zauna, ɗamarar kujera ma na kasa kwancewa. Har tayoyi suka taɓa ƙasa ban ga komai ba sai ruwa.

Ta wajen maigidana tsibirin ya ɓullo. Da yana raye da ya gani. Da na karɓi kujerarsa da na gani a madadinsa. Amma da ya ɓullo ta hagu fa, ni kuma na bar wurina? Ina juya abin nan kullum, ba ya zama. Abu ɗaya na koya, shi ma a makare: in naka ya nemi abin da ka ga kamar wauta ne, kada ka biya shi da shiru, domin ba ka san kwanakin da kake zubarwa ba.

A asibiti, da yammar ƙarshe, ina goge masa baki, ya kama hannuna da hannunsa mai rai. Harshensa ya yi nauyi, sai da na sunkuya.

"Maman yara, ni ba zan samu zuwa ba. Ko ruwa kaɗai kika gani, ki kalle shi da kyau. Ki dawo ki ba ni labari."