Gishirin Bilma a Ruwan Ƙaguwa

Har gobe ba zan manta da ranar da na kashe wa Hadizatu ƙaguwoyinta ba. Ku da kuka kama aiki bana, ku saurara.

Lokacin ni ke kula da labo, wato ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, a nan Agadas. Hadizatu ɗaliba ce a shekarar ƙarshe. Da kyar ta kawo 'ya'yan ƙaguwa daga kogin Kwara, kowanne bai fi farce ba, ta rarraba su cikin kwanonin gilashi. Tana auna yadda zafin ruwa da gishirinsa ke sauya numfashinsu da cin abincinsu. Da wannan aikin za ta tsaya gaban malamanta. In suka mutu, shekararta ta tafi. Nawa aikin kaɗan ne: in duba zafin ruwa safe da azahar, in rubuta, kada in ƙara komai.

Wata Asabar cikin bazara ta tafi Tabelot gaisuwar rasuwa. Tun hantsi wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya. Kafin azahar ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, ƙaguwoyi suka lafe a gindin kwano, ba mai motsi. Ni kuwa ɗan masu raƙuma ne. A gidanmu in dabba ta yi laushi, gishiri ake ba ta. Na samo guntun kantun gishirin Bilma, na daka, na barbaɗa wa kowane kwano, har ina yaba wa kaina. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama.

Ran Litinin shugaban sashe ya kira ni. Ya ce, "Malam Ilyasu, zafi ya riga ya sa jikinsu na ƙone abinci da sauri, iskar cikin ruwa ta ragu. Gishirinka ya shiga janye ruwan jikinsu, ɗan ƙarfin da ya rage ya ƙare wajen riƙe shi. Da jiƙaƙƙen buhu ka naɗe kwanonin kamar tulu, da sun rayu."

Hadizatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ai na ce kada a ƙara komai." Na so a ce zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

A aikin nan tausayin da babu tambaya cikinsa kisa yake yi, kuma maganin raƙumi ba na kowa ba ne. Ta maimaita shekara. Da ta kawo sababbin ƙaguwoyi, kullum sai ta durƙusa ta gaishe ni, amma makullin labo a jakarta yake kwana.