Yaron da Bai Waiwayi Anti Makulli Ba

A hawa na biyu na sashen nazarin halayyar ɗan Adam, can ƙarshen baranda, bayan ofishin da injin kwafinsa ke lalacewa duk ranar da ake sauri, akwai wani ɗaki mai kafet mai taushi da kujeru 'yan mitsi-mitsi. Nan ake binciken yadda ƙananan yara ke shawo kan fushi da baƙin ciki. Farfesa ce ke zuwa taruka ta sha tafi, ɗalibai su rubuta kundi, amma wadda ke ɓata wa yaran rai da hannunta ita ce Anti Makulli.

Ga yadda aikin yake. Za ta kawo akwatin roba garai-garai da jar motar wasa a ciki, an garƙame shi da kwaɗo. Ta miƙa wa yaro tarin makullai, ta ce in ya buɗe ya yi wasansa. Ko ɗaya a cikinsu ba ya buɗewa, na gaskiyar yana aljihunta. Sai ta koma kujerarta ta shafe fuska, ba fushi ba fara'a, kamar ƙofa a rufe. A bayan gilashin da yaro ke ɗauka madubi ne, uwarsa na tsaye tana murza hannu. Mai Kwamfuta, wani ɗalibin digiri na uku da bakinsa ba ya hutawa, yana danna maɓalli kan kowane motsi: ya buga akwati, ya tsotsi yatsa, ya waiwayi Anti. In lokaci ya cika sai ta dafe kai ta ce, "Af! Ashe ba su ne makullan ba!" A buɗe, a yi dariya, a sallami yaro da sitika.

An gwada mutane da yawa a kujerar nan, duk suka kasa. Wata ɗaliba ma riga yaron fashewa da kuka ta yi. Anti kuwa an ja mata riga, an hau mata cinya, wata yarinya har ta sa yatsu ta ɗaga mata kumatu don ta ƙera mata murmushin dole, ko gezau. Farfesa kan ce fuskar Anti ta fi duk na'urorin ɗakin daraja, ita kuma yabon yana yi mata daɗi, wa zai ƙi.

Sai mijinta ya rasu bayan 'yar gajeruwar jinya, ya bar ta da ɗansu mai shekara huɗu, wanda take kira Babana.

Kada wani ya ce mini ba ta son ɗanta. Tsoro take ji kada ya ga ta rushe shi ma ya rushe. Don haka duk sanda ya tambayi babansa, ko ya rungume takalmin mamacin a bakin ƙofa yana kuka, sai ta ɗauko fuskar aiki ta sa. A bidiyoyin ɗakin bincike ta sha ganin cewa yaran da ke kau da kai daga akwatin sun fi saurin hucewa. Wannan ta koya masa. "Kalli bango, Babana. Ja numfashi. Zai wuce." Yaron kuwa akwai kai, ya ɗauke karatun tsaf.

Yayarta, wadda ke riƙe shi in tana wurin aiki, ita ta fara tayar da maganar wata rana da yamma.

"Ke, ɗanki ya faɗo daga matakala yau. Leɓe ya fashe, jini har riga. Na buɗe hannu ina jira ya rugo, sai ya tashi ya je ya fuskanci bango yana huci kamar tsoho. Wane irin yaro ne ba ya kuka?"

"Yaya, ai abu ne mai kyau. Yana iya riƙe kansa."

"Riƙe kai a shekara huɗu? Ke da kika kusa arba'in ma wani ya kamata ya riƙe ki."

Anti ta yi tsaki, amma maganar ta tsaya mata a rai. Ta yi ta laluben ranar ƙarshe da yaron ya rugo jikinta da hawaye, ba ta samo ba. Ta saya masa alawa, ta yi masa cakulkuli, ta tambaye shi ko leɓen na zafi. "Ba komai, Mama," in ji shi, cikin ladabin da ake yi wa baƙo. Nan ne tsoro ya kama ta sosai.

Da aka kawo sabuwar kyamara ake neman yaron da za a gwada ta da shi, gwajin da ba zai shiga bincike ba, ta ce ga nata. Ba kyamarar ce ta dame ta ba. A iya shekarunta a kujerar nan, ba ta taɓa ganin yaron da akwatin bai sa ya waiwaye ta ba, komai taurin kansa. So take ɗanta ya faɗi jarrabawar nan warwas. So take ya yi jifa da makullan, ya ja mata riga, ya yi ta birgima a kafet.

Ranar gwajin ta ajiye masa akwatin, ta ba shi makullan ta zauna. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje. Ya sake bi daga farko. Ta ga kunnuwansa sun yi ja, ta ga kafaɗarsa ta fara rawa, a ranta tana ta roƙon Allah. Juyo, Babana. Don Allah juyo ko da harara ce. Yaron ya jera makullan a kan tebur, ya ja 'yar kujerarsa ya fuskanci bango.

Fitilar da ke nuna cikar lokaci ta kama. Anti ba ta tashi ba. Mai Kwamfuta ya ƙwanƙwasa gilashi, ta yi kamar ba ta ji ba. Dokar da ta fi kowa kiyayewa, cewa ba a ƙara wa yaro ko daƙiƙa a kan wahalarsa, ita ta take da gangan, tana kallon ƙeyar ɗanta tana jira. Numfashinsa kawai ake ji a ɗakin, yana ja yana saki yadda aka koya masa.

Mai Kwamfuta ya turo ƙofa baki har kunne.

"Anti, lokaci ya wuce fa tuntuni! Amma wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Ko sau ɗaya bai neme ki ba! Maɓallin waiwaye ko taɓa shi ban yi ba. Dole Farfesa ta ga wannan."

Fuskar da ta gagari yaran mutane ta karye nan take. Anti ta zame daga kujera ta durƙusa a kan kafet, makullin gaskiya ya faɗo daga aljihunta, ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwa. Ta miƙa hannu biyu.

"Zo, Babana. Zo wurina, ka ji? Ka yi kuka, ba zan hana ka ba."

Yaron ya sauko ya zo. Ta buɗe ƙirji za ta rungume shi, sai ya sa 'yan tafukansa ya kama kumatunta, ya juya mata kai a hankali.

"Kalli bango, Mama. Ja numfashi. Zai wuce."

Daga nan ya taka ya haye babbar kujerarta, ƙafafunsa na lilo ba su kai ƙasa ba. Ya ɗora hannu a cinya, ya shafe fuska, ya zauna yana jiran ta gama.