Hitar motar Barau

Ranar da muka kama hanyar Khaibar, sanyi ya sauka a Madina irin wanda yake sa mutum ya yi alwala yana ƙirga gaɓɓai. Cikin kwanaki arba'in ɗin nan ne na tsakiyar hunturu. Rana ta fito sarai, amma ba ta da ƙarfi, iska kuma tana busowa daga arewa, wato daga inda muka nufa.

Barau mutumin Damagaram ne, maƙwabcina a unguwar Ƙurban shekara ashirin da shida. Ni tela ne, shi direba. Ya zo yana saurayi ya kama aiki wurin wani dattijo Balarabe, Ubaidullah, mai gonar dabino a Khaibar. Dattijon yana da wata doguwar jar mota ta zamanin da, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce tsohuwa ce, Barau ya ci gaba da kula da ita. Ya kula da ita kuwa. Duk Juma'a sai ya wanke ta kafin ya wanke kansa.

Kuskure ɗaya ya yi mata. Wata shekara da bazara, ɗan ƙaramin lagireton da ke ɗumama cikin mota ya fara yoyo, ruwa yana ɗiga a ƙafar fasinja. Barau ya yi abin da kowane bakanike a garin nan yake yi: ya cire shi, ya haɗa bakin tiyo biyun, ya jefar. Ina tsaye ya ce, “Sabo, wa ke neman ƙarin zafi a Madina?” Na ce babu. Gaskiya muka faɗa a ranar.

Sai ga matarsa Tasallah ta tsufa da ciwon ƙoda, jini ya yi mata ƙaranci, ko fanka ba ta iya zama a ƙarƙashinta. A wannan hunturun ta ce Khaibar take son zuwa. Ɗansu na fari, Zubair, a can aka binne shi yana da wata bakwai, lokacin suna zaune a gonar. Ta san mata ba sa shiga maƙabarta a nan. Ta ce ko bakin katanga ta tsaya ya ishe ta.

Barau ya ce a bari sanyi ya wuce. Ta ce ita ta san jikinta. Mijin 'yarsu Mariam ya kawo sabuwar motarsa, ta ƙi.

“A waccan aka ɗauko ni daga Khaibar hannuna wayam,” in ji ta. “A cikinta zan koma.”

Mako biyu Barau yana yawo a tashlih, inda ake farfasa matattun motoci, yana neman irin abin da ya jefar da hannunsa. Babu. A ƙarshe wani Basudane, Abdulfattah, ya yanko na wata mota ya liƙa da dalma. Ya gaya masa gaskiya: “Ya hajj, daffaya, hitar nan, za ta hura, amma irin motocin nan ƙafa kawai suke ɗumamawa. Zafi sama yake tashi, sama kuma tsumma ce.”

Nan aka zo kan sana'ata. Na ɗinke yagar tamfol ɗin, muka samo tsofaffin harami guda huɗu muka cusa a duk inda iska ke shiga. Tasallah ta fito cikin bargo biyu, ta dubi motar.

“Malam, Khaibar za mu ko Umra? Na ga mota ta ɗaura harami.”

“Shiga dai, Hajiya. Ta fi ki niyya,” in ji Barau.

A cikin gari abin ya yi daɗi. Ɗumi yana fitowa daga ƙasa, har ta zare safa ɗaya don ta nuna masa. Da muka fita fili ya ƙara gudu, sai tamfol ya fara kaɗawa, harami ɗaya ya fice ya bi iska. Ina kujerar baya, kunnuwana kamar ba nawa ba. In ya rage gudu iskar ta ragu, amma tafiyar ta ƙara tsawo. Haka ya yi ta yi, ya taka, ya saki.

“Hajiya, ya jikin?”

“Ƙafata kamar a kan murhu. Ka tuƙa.”

Ƙafar da gaske ne. Amma daga baya ina ganin kafaɗarta tana rawa a ƙarƙashin bargo, shi ma yana gani. Mun wuce rabin hanya, baƙaƙen duwatsun Khaibar sun fara bayyana, da ya sake tambaya ta buɗe baki haƙora suka hana ta magana. Ya sauka gefen titi, ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya juya kan motar.

“Malam, saura kaɗan fa.”

“Khalas, ya isa. In ɗumi ya zo zan kawo ki, rufi a buɗe.”

Haka muka koma Ƙurban. Ta juya fuska tana kallon baya ta 'yar tagar roba da ta yi dishi-dishi.

Ba ta kai ɗumin ba. Ta rasu saura kwana tara sanyi ya karye. Barau bai taɓa ce mini ya yi daidai ko bai yi ba, ni ma ban tambaya ba. Sau ɗaya dai muna shan shayi ya ce da ya sani da ya bar yoyon nan yana ɗiga, ya riƙa sa kwano.

Yanzu ido ya hana shi tuƙi. Yana zaune wurin Mariam a bayan masallacin Ƙuba. 'Ya'yan Ubaidullah sun zo bara sun ɗauke motar a kan babbar mota, sun kai ta gonar.