Kofin Farko na Inna Stamena

Inna Stamena ba ta da hannun girki, kowa ya san haka a ƙauyenmu, ita ma ta sani. Burodinta sai mai haƙori. Amma idan Kirsimeti ta zo aka ɗora tukunyar shayin yankinmu Shumadiya, duk matan tudunmu sai mu ja da baya. Shayi muke ce masa don sakaya, alhali ko ƙwayar ganye babu a ciki. Sukari ake ƙonawa har ya yi ja, a kwara masa rakija, barasar da kowane gida ke tacewa daga 'ya'yan itatuwan lambunsa, a ƙara ruwa, a sauke da zarar ya fara motsi. A baki abu ne mai sauƙi. Nawa dai ko ya yi ɗaci ko ya yi salam. Nata kuwa tun daga bakin shinge ƙamshinsa ke kama mutum, idan ya sauka a ƙirji sai ka ji sanyin shekara duka ya fita ta tafin ƙafa.

Tana da dokokinta. Rakija mai sauƙi take amfani da ita, ta ce mai ƙarfin ta mashaya ce. Ba a yi mata magana idan sukari na kan wuta. Babbar dokar kuma ita ce kofin farko na baƙon farko ne, ko ita ba ta ɗanɗanawa kafin shi.

Baƙon farko shi ne namijin da ya fara taka gida da safiyar Kirsimeti, da ƙafarsa shekarar gidan take shigowa. Nata Tihomir ne, kafinta mai ɗingishi da ke ƙarshen hanya. Shekara arba'in yana shigowa da ƙafar dama, ya watsa alkama, ya ce, "An haifi Almasihu!" a amsa masa, "Haƙiƙa an haife shi!" Sai ya ɗauki reshen da aka saro ranar jajibiri ya tsokani wutar murhu, tartsatsi na tashi yana jero fata: lafiya kamar yawansu, 'yan raguna kamar yawansu. Daga nan ya zauna ya miƙa hannu.

"Stamena, bana kin yi rowar sukari."

"Ajiye min kofina, tsohon banza, ka tafi gidan da ya fi."

"Ina zan je? Zuba na biyu dai in tabbatar."

Ni Zorka, daga birni aka kawo ni gidan da ke fuskantar nata, ban san komai ba sai kwalliya. Kirsimetina ta farko ashanata ta jiƙe. Na tsallaka hanya da sassafe in aro, na tura ƙofarta ina murmushi, Tihomir bai iso ba. Mijinta Obrad yana tsaye da kofin baƙon a hannu, ya dube ni fuskarsa ta sauya. Inna Stamena ta miƙo min ashana ta rufe ƙofa. Sai da na koma surukata ta ɗora hannu a ka ta gaya min abin da na yi: mace ta riga namiji shiga, wai masifa ce ga gidan.

A watan tara na shekarar tarakta ta kife da Obrad a gangaren lambunsu. Wurin makoki ina raba kofi ina jin matan suna rage murya idan na matso. Inna Stamena ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ko da wasa. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ita kaɗai ta riƙe lambun, ta riƙe ɗansu Milisav har ya girma ya tafi Vienna aikin gini, yana zuwa da rani kawai. Muka shaƙu, kullum da hantsi muna shan kofi tare muna gulmar waɗanda suka rage. Ita ta karɓi haihuwar 'yata, ita ta wanke mijina da ya rasu. Amma duk safiyar Kirsimeti ina bayan labule, sai na ga Tihomir ya fito yana tangaɗi sannan in tsallaka in sha nawa kofin. Shekara talatin da ɗaya ban kuskure ba.

Ƙauye ya yi ta zubewa. Matasa suka bi aiki, tsofaffi suka bi juna zuwa bayan coci. A tudunmu hayaƙi ya koma fita daga gida huɗu, duka na gwauraye mata, sai Tihomir. Shi ma a watan sha ɗaya na wata shekara aka same shi ya cika a kan bencin aikinsa.

Ni tun rasuwar mijina ragona nake jawowa ɗaki da safiyar Kirsimeti ya zama baƙona na farko, al'ada ta yarda da haka, namiji ne ai. Ranar jajibirin Kirsimetin da ta biyo baya na ce mata, "Inna, in tura miki shi gobe? Ba ya tsegumi, ba ya cewa an yi rowar sukari."

"Ba na ƙona sukarina don dabba," ta ce.

"To wa zai shigo miki?"

"Mai ƙafa."

Ta ci gaba da goge kofunanta, ƙananan nan masu hannu da ba sa fitowa sai sau ɗaya a shekara. Na ɗauka ta yi magana da wani daga ƙauyen ƙasa. Ban sake tambaya ba, don ba mace ce da ake tambaya sau biyu ba.

Kafin gari ya waye dusar ƙanƙara ta toshe hanyar da ke hawowa tudu, ta karya turakun waya. Na leƙa ta taga na ga hayaƙinta ya tashi. Can sai ƙamshin ƙonannen sukari ya tsallako har ɗakina. Sai na ga ƙofarta ta buɗe, ba duka ba, kamar faɗin tafin hannu biyu, ta tsaya a haka.

Na ce a raina baƙonta na hanya. Hantsi ya yi, babu sawun kowa a kan dusar. Da azahar na sa takalmi na ɗaura gyale, na kai har bakin shingena. Sai fuskar Obrad ta faɗo min, da kofin nan a hannunsa. Matar nan ɗa guda ta rage da shi, kullum yana saman bene yana aiki. Idan na shiga wani abu ya same shi fa? Na koma na cire takalmin. Sau uku ina yin haka a ranar. Ina ganin inuwarta tana gittawa ta taga, ina cewa gara ta yi fushi da ni da in sake jawo mata. Har a raina ina yaba wa kaina, wai ni mai kiyaye al'ada. Rana ta faɗi ƙofar tana buɗe, iska na tura dusa cikin ɗakin.

Washegari, da ranar ta wuce, na tsallaka da gudu. Na same ta a kan kujera cikin baƙar rigarta ta coci, wuta ta mutu, dusa ta narke ta jiƙa shimfiɗar bakin ƙofa. Tukunyar na kan murhu cike, ba a taɓa ba. Tana tari irin wanda ke fitowa daga can ƙasa.

"Inna! Haka kika kwana? Wa kike jira haka, don Allah?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Namiji nawa ya rage a tudun nan, Zorka? Ƙirga min."

"Babu."

"To wa zan buɗe wa ƙofa, sakarya? Ina ganinki kina sa takalmi kina cirewa."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Shekarar da na shigo, Obrad..."

"Obrad gangare ne ya kashe shi, da rakijar da ya sha tun safe. Ni na zuba masa, na fi kowa sani." Tari ya sarƙe ta, ta jira ya lafa. "Wannan kike ɗauke da shi duk shekarun nan? Ni na zaci girmama Tihomir kike yi."

"Me ya hana ki kira ni? Murya ɗaya, Inna, da na ji."

"Ba a kiran baƙon farko ranar. Da ƙafarsa yake zuwa."

Na rufe ƙofar, na hura wuta, na lulluɓe ta da duk bargon da ke gidan. Na ce bari in ɗumama shayin. Ta ce ba a maimaita masa wuta, ƙarfinsa ya riga ya tafi, in zubar a bayan gida. Ina zubarwa ina kuka kamar wadda aka yi wa duka.

Sai bayan kwana huɗu aka buɗe hanya, motar asibiti ta hawo. Sanyin ya riga ya kama huhunta duka biyu. Milisav ya iso ya same ta da sauran numfashi, ya yi ta yi min godiya wai na kula da uwarsa, ni kuwa na kasa ɗaga ido in dube shi. Ta rasu kafin watan ya ƙare.

Har yau ban yafe wa kaina ba, kuma ba na so a ce min in yafe. Mace mai shekara tamanin ta ajiye dokar da ta riƙe duk rayuwarta saboda ni, ta zauna cikin sanyi yini guda tana jirana. Ni kuma ina tsallaken hanya, cikin ɗumi, ina kare ta daga kaina.