Sunan da Ni da Inna Ba Ma Kira

Shekarun baya, tun autata ba ta isa shiga makaranta ba, maigidana ya faɗi a kan babur yana dawowa daga kasuwar Mai'adua. Dillalin tumaki da awaki ne. Ya ɗauro rago a baya, ragon ya zabura, babur ya kwashe da su, kansa ya bugi gefen kwalta. Shi kuwa ragon ko ƙwarzane bai yi ba, an ce yana gefe yana cin ciyawarsa lokacin da mutane suka iso. Har yau ban yafe wa ragon nan ba.

Aka kai maigidan asibiti nan Daura, suka duba suka ce a wuce Katsina. A can aka yi hoton kai, likita ya ce jini ya taru a ciki, aka shiga da shi tiyata. Ya fito da rai, alhamdu lillahi, amma bai farfaɗo ba. Yana kwance kai naɗe da bandeji, roba a hanci, ta nan muke ɗura masa kunu da sirinji. Na bar yara wurin ƙanwata, ni da mahaifiyarsa, wadda duk muke ce wa Inna, muka zauna jinya.

Ni fa Allah ya yi ni da tambaya, ko a cikin tashin hankali bakina ba ya mutuwa. Duk nas ɗin da ta zo sai na tare ta. Yana jin mu? In yana ji, me ya hana shi amsawa? Ina mutum yake tafiya in ya yi irin wannan barci? Har wata ta gaji ta ce, "Baiwar Allah, ke 'yar jarida ce ko mai jinya?"

A kwana na huɗu likita ya tsaya a kanmu, ya ce kwanakin nan su ne ma'auni. In ya fara amsawa, akwai hanya. In kuma aka daɗe a haka, to, nan likita bai ƙarasa ba, mu ma ba mu nemi ya ƙarasa ba. Sannan ya ce, "Ku riƙa yi masa magana. Ku kira sunansa kusa da kunne. Muryar gida ta fi tamu isa inda yake."

Na kalli Inna, Inna ta kalli fanka.

Abin da likita bai sani ba, ya ɗora aikin ne a kan mata biyun da ba su taɓa kiran sunan nan ba. Shi ne ɗan farin Inna, shekara arba'in da ɗoriya "yaron nan" take ce masa. Ni kuma tunda aka kawo ni gidansa Malam nake cewa, ko wani ne mai irin sunan sai in ce "mai sunan Malam". Ranar yankar kati ma ƙaninsa na tura gaba, don kada a tambaye ni.

To, muka yi dabara irin tamu. Inna ta riƙa taɓa ƙafarsa tana cewa, "Kai! Kai, tashi mana." Ni kuma na sunkuya na ce, "Malam. Malam!" Sai wani tsoho mai karaya a gadon kusa ya ce, "Na'am?" Wani mai jinya can ƙurya shi ma ya waiwayo. Nawa Malam ɗin dai ko gezau.

Bayan kwana biyu likita ya dawo ya ce, "Kuna kira?"

Na ce, "Muna kira, likita."

Ya ce, "Kira in ji."

Na ce, "Malam."

Ya dafa kai. "Haba, Hajiya! Rabin ɗakin nan Malam ne." Ya duba kati ya kira sunan da kansa, da ƙarfi, har sau biyu. Shiru. Ya ce, "Kin gani? Ni bai san muryata ba."

Ranar na zauna ina ta nazari, shin wa yake kiran mutumin nan da sunansa? Ƙannensa Yaya suke cewa, yara Baba, a kasuwa Dillali. Mahaifinsa da yake kira ya daɗe da rasuwa. Ashe mutum zai iya girma sunansa yana ajiye kamar rigar ƙasan akwati, kowa ya san da ita amma ba mai ɗaukowa. Na yi mamakin yadda ban taɓa lura ba sai a bakin gadon asibiti.

Tsoro ya fi kunya ƙarfi, jama'a. Na fara hango kaina cikin takaba, da yara huɗu. Don haka duk lokacin da Inna ta fita alwala, sai in leƙa hagu da dama kamar ɓarauniyar kaza, in kai baki kunnensa in faɗa can ƙasan maƙoshi, yadda ni kaina da ƙyar nake ji. Kwana uku ina wannan sata, ko gashin ido bai motsa ba. Na yi kuka a bayan ɗakin majinyata har na gode Allah.

A kwana na tara, bayan azahar, na je ɗebo ruwan zafi a fulas. Ina dawowa na tarar an ja labulen gadonmu. Zan ɗaga ke nan na ji muryar Inna. Sunan take kira. Kuma ba a ɓoye irin nawa ba, ta buɗe murya ta ja ƙarshensa, yadda uwa take kiran yaro daga wurin wasa ya zo ya ci tuwo. Sau uku. Sannan ta ce, "Ni ce. Ka tashi, ka ji? Kada ka riga ni."

Na leƙa. Wallahi da idona na ga yatsunsa sun naɗe babban yatsanta, fatar idonsa tana rawa. Saura ƙiris fulas ya kuɓuce mini a ƙafa.

Inna ta ɗago ta gan ni. Ta gyara mayafi, ta share fuska, ta ce, "'Yar nan, abin da kika ji, ba ki ji ba."

Na ce, "Ban ji komai ba, Inna."

Ta ce, "To, tsayuwar me kike yi? Kira nas."

Hali zanen dutse, washegari na tare likita na ce, sunan ne ya tashe shi? Ya ce gaskiya ba zai iya rantsewa ba, dama kumburin yana sauka, ƙila lokaci ne ya yi, ƙila kiran ya taimaka, Allah ne masani. Amsar ba ta ƙosar da ni ba, amma ba shi da wata.

Kada ku ɗauka daga nan ya miƙe. Wata da watanni muka yi. Na koya masa riƙe cokali, na zame masa sanda daga ɗaki zuwa ƙofar gida, muka yi ta zaryar gashin ƙashi. Mutumin da ko kaza ba ya tsawata wa ya koma mai saurin fushi, in kalma ta ɓace masa sai ya yi jifa da kofi. Wani abin mamaki, yakan manta ya ci abinci, amma in aka kawo tunkiya ya buɗe bakinta, take zai faɗi shekarunta. Kan ɗan Adam sai wanda ya yi shi. Har yau hannunsa na hagu bai koma daidai ba, amma yana zuwa kasuwa, a mota.

Da magana ta dawo sosai, ya ce mini bai tuna komai na asibiti ba sai abu ɗaya, wata murya tana kiran sunansa daga nesa, shi kuma yana ta neman hanyar da zai bi ya amsa. Ya ce, "Ke ce?"

Na ce, "Ni? Ina ni ina wannan rashin kunya!" Ku ji fa, ni da na yi kwana uku ina sata.

Har yau ina juya abin nan a raina. Da, na ɗauka kunyar ɗan fari nisa ce, kamar uwa ta janye jiki daga ɗanta. Yanzu ina ganin ajiya ce. Inna ta adana sunan nan shekara arba'in, ba ta taɓa kashe shi a kan aike ko faɗa ba, sai ranar da ba ta da sauran abin bayarwa. Ko shi ya tashe shi, ko ba shi ba, ni dai na san abin da na gani.

Bara waccan Allah ya yi wa Inna rasuwa. Bayan an watse daga zaman makoki, muna zaune a tsakar gida da la'asar, yara sun tafi Islamiyya, sai ya ce, "Kin san abin da ya tsaya mini? Ta tafi ban taɓa jin sunana a bakinta ba."

Na auna alkawarin da na yi wa Inna. Na ce a raina, Inna, ki yafe mini, kunyar da kike ji ta bi ki, shi kuma ga shi nan da ciwonsa. Na kwashe duka na gaya masa, labule, fulas, yatsu, har da "kada ka riga ni".

Can ya ce, "Yaya ta faɗe shi?"

Na ce, "Haba, Malam."

Ya ce, "Don Allah."

Na runtse ido, na buɗe murya, na ja ƙarshen sunan yadda ta ja.

Ya ce, "Na'am, Inna."