Tsohon da Ya Ƙi Tada Inji

Ni ne wawan labarin nan, na amsa. Jiya ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa ya tuno mini da tsohon da ke kula da filin golf a Birnin Kebbi. Kafin ya yi yankan ciyawa sai ya danna dunduniya a ƙasa. In ruwa ya tsattso, ba ya tada inji.

Ranar da manya za su zo wasa, an kwana ana ruwa, amma manaja ya ce a yanke ko a bar aiki. Tsoho ya ce, "Ba ni yi."

Ni yaron aikinsa, da ilimina na aji huɗu, na haye injin. Tayoyi suka nutse, fili ya koma caɓi.

Tsoho, Allah ya sanyaya kabarinsa, ya dube ni ya ce, "Sannu injiniya. Saura ka ɗauko iri daga Augie mu dasa shinkafa."